Tsohon Zubi da Sabo: Abin da RuneScape Ya Koya Mini

Sana'ata rubuta wa masu shaguna manhajar lissafin kaya da bashi a nan Sakkwato. Amma abin da ya fi gyara mini tunani a aikin, daga wani gem na intanet na samo shi, wato RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila.

A ƙarshen 2012 kamfanin ya sauya tsarin faɗa a gem ɗin, ran tsofaffin 'yan wasa da yawa ya ɓaci. A Fabrairun 2013 sai aka dawo musu da shi kamar yadda yake a Agustan 2007, da sunan Old School RuneScape, sabon kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Aka kafa ƙa'ida cewa ba za a ƙara wa tsohon wani babban abu ba sai 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a, kashi 75 cikin 100 sun yarda.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da suka yi da wannan ƙuri'a. Mutanen da suka guje wa sabon, su da kansu suka zaɓi a ɗauko musu Grand Exchange daga can a 2015, kasuwar da ke haɗa mai saye da mai sayarwa ba sai mutum ya tsaya yana ta kiran farashi ba. Ashe suna son sauƙi, matuƙar ba a taɓa musu abin da hannunsu ya saba da shi ba. Shi ma sabon ya bi sawun tsohon. Tsohon ne ya fara hawa wayar hannu a 2018, sabon sai 2021. Tsarin Group Ironman, inda 'yan wasa kaɗan ke haɗa kai su dogara da junansu kawai, tsohon ya samu a 2021, sabon a 2024.

Wannan ne ya sa da na fitar da sabuwar manhaja mai ajiye bayanai a intanet, ban rufe tsohuwar ba. Ita tana aiki a ƙaramar waya, ko babu data. Wani dattijo mai sayar da yadi a Tsohuwar Kasuwa ya ce mini, "Yaro, bar mini tawa yadda take, saƙon nan mai tuna wa mutum bashi kawai za ka sa mini." Na ce, "An gama, Baba." Sai da na zagaya sauran masu tsohuwar na ji bakinsu kafin in sa shi.

Kula da manhaja biyu akwai wahala, don kusan kowane gyara sau biyu nake yin sa. Duk da haka, manyan haruffa da shafi ɗaya tak na shigar da ciniki da ke cikin sabuwar yanzu, daga tsohuwar na kwaso su, bayan na lura matasan ma sun fi sauri da su idan masu saye suka yi yawa a shago.