Mako na biyar da GT40 mai fentin Gulf: lamba 9 ko 6?

'Yan uwa masu koyon harhaɗa ƙananan motoci, sallama. Mako biyar ke nan ina fama da wannan 'yar Ford GT40 ta roba, mai girman kashi ɗaya cikin 24 na ainihin motar, sai jiya fenti ya ba ni haɗin kai. Feshin farko asara na yi. Na fesa shuɗin a tsakar gida da hantsi, na shiga ɗaki shan shayi, kafin in fito ƙurar hunturu ta zauna masa kamar an barbaɗa gari. Kwana biyu ina bin sa da sanfefa mai laushi da ruwa. Yanzu da na fesa sai in kife kwali a kai.

Layin nan mai ruwan lemo da ya ratsa motar daga hanci zuwa baya shi ya fi ba ni wuya, don fenti yana kutsawa ƙarƙashin salatif. Ku danne bakin salatif ɗin da tsinken sakace, ku fara shafa shuɗi siriri a gefen ya toshe kafar, sannan ku kawo ruwan lemon. Layi zai fito tsaf.

Ina jiran ya bushe ne na koma kan tarihin masu launin. A da launin ƙasa ake shafa wa motar tsere: Ingila kore, Italiya ja, Faransa shuɗi. Wannan kuwa launin mai ɗaukar nauyi ne, kamfanin mai na Gulf daga Amurka. John Wyer, Baturen Ingila da ya jagoranci Aston Martin ta ci tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa a 1959, shi ya kafa JW Automotive, kamfanin da ya yi tsere da wannan motar, tare da John Willment a garin Slough. Grady Davis, wani babba a Gulf mai son tsere, ya kawo kuɗin, aka fara a 1967.

Abin da ya tsayar da ni shi ne sitikar lamba. Mota guda ce, mai lambar ƙira 1075, ta ci Le Mans sau biyu a jere. A 1968 tana ɗauke da lamba 9, Pedro Rodríguez da Lucien Bianchi ke tuƙi. A 1969 ta dawo da lamba 6 a hannun Jacky Ickx da Jackie Oliver. Ƙanena ya ce in manna yadda na ga dama, mai kallo ya juya kansa.

Na zaɓi 6, saboda Ickx. A lokacin direbobi kan jeru a tsallaken titi, a ba da alama su ruga cikin motoci, da yawa su fizga ba su ɗaura bel ba. Shi kuwa ɗan Beljiyam ɗin ya taka a hankali, ya zauna, ya ɗaure kansa, ya tashi a ƙarshe. A zagayen farko John Woolfe ya yi hatsari da Porsche 917 ya mutu. Washegari Ickx, a cikin motar da ake ganin ta tsufa, ya riga Hans Herrmann mai Porsche 908 kaiwa da tazarar kusan mita 120. Daga 1970 aka daina wannan gudun. Shi ya sa na ɓata dare guda ina yanka bel ɗin kujera da ƙyallen ribon, ko da yake da kyar za a hango shi ta gilashi.

Daga baya Wyer ya karɓi Porsche 917 a 1970 da 1971, ya ci tsere da dama amma Le Mans ta ƙi, sai a 1975 Ickx da Derek Bell suka sake kawo wa Gulf ita da wata mota mai suna Mirage.

Saura tayoyi da gilashi. Kada ku kusanci gilashi da gam mai saurin kamawa, hayaƙinsa yana mai da shi fari fat. Na gwada a kan wani guntu na gani. Farin gam na kafinta zan ɗiga da bakin tsinke ranar Asabar, in Allah ya kai mu.