Daren da zinarena ya koma shunayya

Wata biyu na yi ina jiran ƴar kwalbar nan ta iso Maradi ta hanyar Yamai, miligiram 250 kacal na Ph3PAuCl, haɗin zinare da wani sinadari mai suna fosfin, wanda nake so in yi amfani da shi a matsayin mai hanzarta haɗuwar ruwa da sinadarin fenil-asetilen domin ya zama wani sinadarin, asetofenon. Tun zamanin masanin sinadarai na Rasha Kucherov, a 1881, da gishirin zaiba aka saba yin wannan aiki, ga shi kuma guba ne. Shi ya sa tun da na karanta aikin masanin sinadarai Teles na 1998, wanda ya nuna zinare na iya yin makamancin wannan aiki, hankalina ya koma kan zinare.

Gwajin farko ya yi kyau, kuma daɗin da na ji shi ya ja ni ga kuskure. Zinaren ba ya aiki sai an cire masa kilorid, wato Cl ɗin da ke manne da shi, da gishirin azurfa, AgOTf, wanda ke sa farin gari ya kwanta a gindin kwalba. Don in rage wahalar awo, sai na haɗa rabin zinaren da ya rage mini da azurfar gaba ɗaya da yamma, na tace, na sa a firji da niyyar in riƙa ɗiba kwana uku. A watan Afrilu ne, wuta kuma ta ɗauke cikin dare.

Da safe na tarar da ruwan ya koma shunayya, jikin gilashin yana ƙyalli kamar madubi. Na ɗaga kwalbar na daɗe ina kallo, na kasa cewa komi. Malam ya duba ya ce: "Ka raba shi da kilorid, ba ka ba shi abin da zai riƙe ba, to me kake so ya yi?" Zinaren ya koma ƙarfe, ya tashi daga aiki.

Na so in ɗora wa zafin gari laifi, amma ko da firjin bai mutu ba, bai kamata in ajiye shi haka ba. Yanzu sai komi ya kammala cikin kwalba nake zuba azurfar, in naɗe kwalbar da takardar alminiyum saboda haske, in tabbatar babu ɓurɓushin sinadaran amin ko tiyol, don su ma suna kashe aikin zinaren. Da na san da haɗin zinaren da masanin sinadarai Gagosz ya fitar a 2005, Ph3PAuNTf2, wanda ke jure iska kuma ba ya buƙatar azurfa, da shi zan saya tun farko. Kwalbar shunayyar tana nan kan teburina, har yau ban wanke ta ba.