Yadda Doctor Who Ya Sa Na Ɗauki Buroshin Vincent

Masoya Doctor Who ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Tun 1963 BBC ta fara wannan shirin talabijin na ƙagaggen labari, ta ajiye shi a 1989, ta dawo da shi a 2005, kuma kowane zamani da nasa Dakta, wato jarumin shirin, kowane Dakta da nasa 'yan ga-ni-kashe-ni. Amma akwai kashi guda da ko gogaggun masu gardama kan sassauta murya in an zo kansa, wato "Vincent and the Doctor", kashi na 10 a zango na 5, wanda aka haska ranar 5 ga Yuni, 2010. Richard Curtis ne ya rubuta shi, mutumin da aka fi sani da finafinan soyayya da barkwanci, shi ya sa da yawa ba su zaci zai zo da abin da zai sa manya hawaye ba.

Ga wanda bai kalla ba, labarin gajere ne. Dakta, wanda Matt Smith ya fito a matsayinsa, shi da abokiyar tafiyarsa Amy Pond suna yawo a gidan adana zane-zane na Orsay a Paris, sai ya hango fuskar wani dodo a tagar cocin garin Auvers, a wani zane da shahararren mai zane Vincent van Gogh ya yi. Suka shiga TARDIS, shuɗin akwatin nan da ke ratsa zamani, suka koma 1890. Can suka tarar da Vincent, ba shi da ko sisi, mutanen gari na jifansa, kuma shi kaɗai ke iya ganin dodon. Bayan an gama da dodo sai suka ɗauko shi suka kawo shi 2010, ya tsaya a tsakiyar ɗakin da aka cika da zanensa, yana jin wani jami'in gidan, wanda Bill Nighy ya taka, yana cewa a wurinsa babu mai zanen da ya kai Vincent. Tony Curran, wanda ya fito a Vincent, bai ce komai ba yayin da yake sauraro, fuskarsa ce ta yi aikin.

Ni ban kalle shi lokacin da ya fito ba. Shekaru bayan haka na same shi a kwamfuta, kuma da na gama sai na bi sawun abin da mutane suka faɗa a kansa. Abin ba'a shi ne dodon, Krafayis. Kusan kowa ya yarda kamar ƙatuwar kaza yake, har waɗanda ke ƙaunar kashin suna cewa da an cire shi da babu abin da zai ragu. Ban bi su a nan ba. Dodon makaho ne, 'yan'uwansa sun tafi sun bar shi, yana ɓarna saboda tsoro, kuma mutum ɗaya tak ke ganinsa. Wanda ya taɓa zama da mai ciwon damuwa ba ya bukatar a yi masa fassara. Masu bin diddigin tarihi kuma suna da nasu ƙorafin, kuma suna da gaskiya: gidan shan shayin da aka nuna da ɗakin kwanan duk na Arles ne, a kudancin Faransa, aikin 1888, cocin kuwa a Auvers yake, kusa da Paris, aikin 1890, amma shirin ya cure su wuri ɗaya kamar unguwa guda. Kuma Vincent ya yanke kunnensa tun Disamba 1888, ga shi a shirin da kunnuwansa biyu lafiya lau. Ko garin ma ba a Faransa aka ɗauka ba, Trogir ne a Kuroshiya, gidan zanen kuma na Cardiff ne.

Gardamar da ta fi zafi a kan ƙarshen take. Amy ta koma Orsay da gudu, tana sa ran tun da Vincent ya ga darajarsa, to ya yi tsawon rai, za ta tarar da sababbin zane ɗaruruwa. Ba ta tarar da ko ɗaya ba. Ya kashe kansa yana da shekara 37, kamar yadda tarihi ya ce, a Yulin 1890. Abin da ya canza kaɗan ne: dodon ya ɓace daga tagar coci, an kuma rubuta sunan Amy a jikin tulun furannin kallon-rana. Wasu sun ce wannan mugunta ce, shirin da ke ceto duniya kowane mako ya kasa ceton mutum ɗaya. Wasu suka ce nan ne kaɗai aka faɗi gaskiya, don yabo ba ya warkar da irin wannan ciwo. BBC da kanta ta san abin da ta taɓo, don bayan kashin ta sanar da lambar waya ga masu neman taimako.

Sai na lura da wani abu. Mutanen da suka gaji da rubutu sukan koma zane, kuma zanen ya fi rubutun tona abin da ke ransu. Za ka ga an zana Vincent ya tsufa, gemu ya yi fari, yana riƙe da buroshi. Za ka ga an zana shi da Amy da 'ya'ya masu jan gashi, saboda raha da suka yi a shirin. Waɗannan duk amsa ce ga marubucin, suna ba Vincent abin da aka hana shi. Amma wanda ya fi yawa, nesa ba kusa ba, shi ne shuɗin akwati yana shawagi a cikin shahararren zanen Vincent na daren taurari. A riga, a kofi, a bayan waya, har a fatar mutane. Tushensa daga shirin ne: mako biyu bayan kashin Vincent, a "The Pandorica Opens", an nuna wani zane da aka ce shi ya yi, TARDIS tana tarwatsewa cikin rawaya da shuɗi. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Nan ni ma na fara, don a ido shi ne mai sauƙi. Na sayi fentin akirilik da ƙyallen zane, na buɗe hoton asalin a waya, wanda Vincent ya yi a Yunin 1889 lokacin yana asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy, yanzu kuma yana New York. Kafin in taɓa fenti na ƙirga taurarin, goma sha ɗaya ne ga jinjirin wata, kuma akwai masana da ke danganta su da mafarkin Annabi Yusuf. Ko Vincent ya nufi haka ko bai nufa ba, ni dai da na gani sai zanen ya ƙara matso ni.

Abu na farko da aikin ya nuna mini shi ne murɗe-murɗen sararin nan ba jan layi ɗaya ba ne. In ka zagaya buroshi kamar mai dama kunu, tabo za ka samu, shuɗi da rawaya su haɗu su ba ka kore mai datti. Gajerun layuka ne, kowanne da launinsa, an jera su gefe da gefe suna bin hanya ɗaya, idon mai kallo ne ke haɗa su su zama iska. Dole ka tsara inda iskar za ta bi da fensir tukuna, sannan ka shimfiɗa shuɗi mai duhu a ƙasa, ka bar shi ya bushe, ka riƙa ɗora masu haske a kai kana goge buroshi bayan kowane 'yan layuka. Akirilik yana bushewa da wuri, a zafinmu kuwa kafin ka waiga ya daskare a faranti, don haka nakan jiƙa tsumma in shimfiɗa a ƙarƙashin takardar da nake haɗa launi a kai. Kuma ba shi da kaurin fentin mai. In ya bushe sai ya kwanta, tudun da ke sa zanen Vincent ya kama haske ya ɓace.

Wani dattijo a layinmu, wanda ya yi shekaru yana rubuta allon shaguna da zanen jikin manyan motoci, shi ya warware mini wannan. Na kai masa wayar, ya ja hoton da yatsu biyu har sai da layukan suka cika fuskar wayar, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan mutumin ba shafa fenti yake ba," in ji shi. "Ajiye shi yake yi. Ka cika buroshi, ka ajiye, ka ɗaga hannunka. In ka koma kansa ka kashe shi."

Na ce, "Baba, ai fentin zai ƙare."

Ya ce, "To shi da ka ce ɗan'uwansa ke ciyar da shi, ya ji tsoron ƙarewar fenti?"

Haka ne kuwa, Theo ne ke aika masa kuɗi da kayan aiki, kuma Vincent bai taɓa yi wa fentin rowa ba. Daga ranar na daina komawa kan layin da na riga na ajiye.

Matsala ta biyu akwatin ne da kansa. TARDIS rumfar wayar 'yan sandan Birtaniya ce ta da, duk jikinta miƙaƙƙun layuka da kusurwa da tagogi masu murabba'i. In ka zana ta daidai da rula, sai ta zauna a kan sararin kamar an manna sitika. Yawancin zanen masoya da na gani nan suke faɗuwa, kuma nan za ka gane wanda ya kalli Vincent da wanda ya kalli riga. Maganin yana cikin cocin Auvers ɗin da kashin ya fara da shi. Dubi rufinsa da bangonsa, babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya, ginin kamar yana numfashi, an kuma zagaye shi da layi mai duhu. Da na bar gefen akwatin ya ɗan lanƙwashe, na zagaye shi da shuɗi mai duhu sosai maimakon baƙi, na sa launin ruwan lemo a tagogin don ya yi faɗa da shuɗin kamar yadda Vincent ke haɗa launuka masu gaba da juna, sai akwatin ya shiga cikin daren.

Da na sa hotonsa a intanet mutane sun so shi, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan shirin ba. Amma ni raina bai kwanta ba, don zanen bai ce komai a kan abin da ya taɓa ni ba. Kyakkyawa ne kawai, kuma akwai dubunsa. A gardamar ƙarshen nan ina tare da masu cewa marubucin ya yi daidai, to me zai hana hannuna ya faɗi haka?

Sai na zana ɗakin Orsay, daga bayan Amy, jan gashinta kawai ake gani da kafaɗunta. Dama da hagu zanen Vincent ne da aka sani, na yi su ƙanana, a gabanta kuma bango ne fili, inda ta zaci za ta ga sababbi. A bangon nan na zuba duk abin da dattijon ya koya mini, gajerun layuka masu kauri, fari da toka da ɗan shunayya, suna murɗawa a hankali. Ya fi sararin taurari wuya nesa, domin babu launi mai ƙarfi da zai rufa maka asiri, in hannunka ya yi rawa kowa zai gani.

Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, yaushe za ka ƙarasa tsakiyar?" A intanet ma tambayar da ta fi yawa ita ce ina TARDIS. Waɗanda suka tsaya a kansa 'yan kaɗan ne, amma su ne suka yi doguwar magana, kuma ba a kan fenti ba. Wata ta ba da labarin yayanta, wani ya ce har yanzu yana ganin shirin ya zalunci Amy, kuma zanen nawa ya ƙara masa haushi. Na ji daɗin wannan haushin fiye da yabon da akwatin ya samu. Na kuma koyi in riƙa sa 'yar sanarwa a sama in zanen ya shafi mutuwar Vincent, kamar yadda masu zane da yawa a cikin masoyan ke yi, don ba ka san halin da mai kallo yake ciki ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Da wani ya nemi in buga masa na akwatin a riguna ya sayar, na ƙi. Zanen Vincent ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kowa na iya kwaikwayonsa. Akwatin kuwa tambarin kasuwancin BBC ne, har 'yan sandan Landan sun yi jayayya da ita a kan siffarsa, aka yanke hukunci a 2002 BBC ta yi nasara. Zane don sha'awa daban, buga kaya a kai kasuwa daban. Na bangon kuma babu wanda ya taya.

Yanzu ɗakin kwanan Arles nake yi, wanda aka kwaikwaya a shirin da gadonsa da kujerunsa. A hotunan da kowa ya sani bangon ɗakin shuɗi ne, haka ma masoya ke zana shi. Amma a wasiƙar da Vincent ya rubuta wa Theo ya ce bangon shunayya ne mai haske, kuma binciken gidan adana zanensa da ke Amsterdam ya nuna jan da ke cikin fentin ne ya koɗe da shekaru, ya bar shuɗin. Shunayya na haɗa, na kuma san da zarar na sa shi za a zo a gaya mini na ɓata launi.