Robar waifa kafin saukar damina

Ƙurar hunturu da zafin bazara ne ke cinye robar waifa tun kafin damina ta sauka. Jiya da magariba a hanyar Zariya zuwa Kano, ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ga wani direba ya zuro hannu ta taga yana goge gilashi da tsumma, alhali motarsa cike take da fasinjoji. Abin ya tayar mini da hankali matuƙa. Tsagaggiyar roba tana barin zane a gilashi, hasken fitilun manyan motoci ya watsu a kansa ya kashe ido. Shi ya sa nake canza tawa a farkon kowace damina, kuma ba na kunna ta sai na fesa ruwa, domin yashi yana karce busasshen gilashi.