Kwabon da ba a huda ba

Shekara huɗu ke nan ina zama gefen Kawu a rumfarsa ta ƙirar zobe da awarwaro, a wani ƙauye kusa da Wudil. Aikin da ya fara ba ni shi ne tsince tsofaffin tsabar kuɗin da muke saye ran Juma'a a kasuwa, na narkarwa gefe, na ajiya gefe. Tsofaffi mata ne ke kawo su, a ƙulle a bakin zane ko cikin gwangwanin madara: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Wasu Naira ce ta kore su a 1973, wasu kuwa tun na zamanin Turawa ne.

Da farko duk wanda na gani a karkace ko a lotse sai in ruga da shi.

"Kawu, ga mai kuskure!"

Ya juya shi sau ɗaya, ya jefa cikin na wuta. "Wannan amalanke ce ta taka shi, yaro. Akwai wanda aka haifa da aibi, akwai wanda duniya ta ji wa ciwo. Na farkon ake nema."

Na daɗe kafin idona ya raba su. Ciwon duniya yakan ci rubutu, ya bar ƙarfe a murje ko a ture gefe. Kuskuren gidan buga kuɗi kuwa tsaf yake fitowa: hatimi ya sauka a gefe amma haruffan na nan da kaifinsu, ko rubutu ya fito biyu-biyu, ko hujin ya kauce daga tsakiya, ko ma a manta da shi gaba ɗaya.

Irin na ƙarshen nan ne ya koya mini hankali. Wata rana na ci karo da farin kwabo babu huji, tauraron nan mai tsini shida a cike. Na aza shi a sikelinmu na azurfa tare da ɗan'uwansa mai huji, ya rinjaye shi kaɗan, kuma babu zagayen dalma da zai nuna toshewa aka yi. Murna ta ɗebe ni, na samo toka da lemon tsami na dirje shi har yana ɗaukar ido. Da Kawu ya gani sai ya yi shiru. Can ya ce, "Ka wanke masa shekarunsa." Mai sayen da ke zuwa daga birni ya duba da gilashi, ya nuna mini ƙananan karce kamar sawun tsintsiya, ya karya kuɗin sosai. Har yau abin na cina.

Daga nan na koma karatun abin da ke jikinsu. Ƙaramin harafin H ko KN alamar masana'antu biyu ne na Birmingham a Ingila. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan karaga ba, mutane kan ɗauka taska ce, alhali an buga shi da yawan gaske, bai da tsada. Wanda ake nema shi ne wanda aka haɗa wa fuska da bayan da ba nasa ba, kamar jan kwabon 1956 mai ɗauke da sunan Sarki Joji na Shida, mutumin da ya rasu tun 1952. Tsohon hatimi ne ma'aikata suka ɗaura bisa kuskure. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Ƙarancin abu, da lafiyar jikinsa, da samun mai so, su ke yanke farashi, shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ruɗin mutanen ƙauye wai kowane kwabo mai huji miliyoyi ne.

Bara wata dattijuwa ta juye mana gwangwani, na hango wani anini da hujinsa ya kauce can gefe. Na miƙa wa Kawu ta ƙasa-ƙasa, don a farashin awo muke saye. Shi kuwa sai ya ɗaga shi sama.

"Iya, wannan ba na wuta ba ne. Ki bar shi nan amana, in mai saye ya zo a kira ki."

Bayan sati uku ta dawo da jikanta. Na ninke aninin a ƙyalle, ban ko goge shi ba, aka yi cinikin a gabanta.