Talata, a gindin tsohuwar tasha

Takin bai samu ba, wai sai mako mai zuwa. Ga gero ya fara neman abinci. A hanyar komawa kuma tayar babur ta sace a Ringim, daidai layin dogo, dole ni da Kawu da Auta muka fake a inuwar tsohuwar tasha muna jiran mai faci.

Nan Auta ya ɗaga kai ya dubi ginin ya ce, "Yaya, wannan gidan waye?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Kai yaro, gidan kowa ne." Sai ya kama ba shi labari, ni ma na kasa kunne kamar ban taɓa ji ba. Ya ce daga nan yake hawa yana saurayi, jirgin ya taso daga Nguru, ya biyo ta Malam Madori da Gagarawa, tarago cike da buhunan gyaɗa da mata masu ƙwaryar fura. Amma abin da ya daɗe a kai shi ne babbar tashar Kano. Ya ce ranar farko da ya sauka sai da ya dafa bangonta, don ya ji sanyi a cikin tsakar rana. Bango mai kauri, rufi can sama, ga baranda doguwa da iska ke ratsawa, ga 'yar tagar yankan tikiti da mutane ke turereniya a kanta. Kana fitowa kuma sai dalar gyaɗa ta tare maka ido, 'yan dako na hawa da buhu a ka.

Na sa baki da abin da na sani. Na ce jirgi ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, ta layin da aka taso da shi daga Baro a bakin Neja, daga baya aka haɗe shi da na Legas. Na ce bayan ganuwa aka kafa tashar, kuma zuwan ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu ne ya cika Sabon Gari. Reshenmu wannan sai 1930 ya kai Nguru. Turawa ma auduga suka sa a rai don masaƙun Ingila, manoma suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye.

Kawu ya ce, "Duk naku na takarda ne. Su sun shimfiɗa don su kwashe kaya, mu kuma a cikinsa muka kai amare, a cikinsa muka tafi neman magani." Ya ce tun farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 ya san tashar ta fara mutuwa, don tarago ya koma tafiya wayam.

Tambayar Auta ce ta hana ni sukuni har bayan isha'i. Yaro ya tashi a bakin layin dogo, awaki na kiwo a tsakanin ƙarafa, bai san mene ne ginin ba. Sabon layin da ake yi zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura zai bi, da reshe zuwa Dutse. Ina murna da shi har zuciya. Amma namu ƙaramin layin fa, wa zai waiwaye shi?

Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka. Ƙafarta da sauƙi, alhamdulillahi.

Na yi wa Auta alkawarin bayan girbi zan kai shi Kano ya ga babbar tashar da idonsa. Na ce Kawu ya zo mu tafi tare. Ya ce in a mota ne ba ya zuwa, shi ta kan dogo ya san ta, ba zai shige ta ta ƙofar titi kamar baƙo ba.

Gobe sammako, noman gonar fadama.