Wanda ke amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba

Tun 2012 nake rubuta sunayen fasinja a tashar da ake lodin motocin Kwangwalam a nan Daura. Suna, inda za ka, lambar wani naka ko da tsautsayi ya gitta. Da farko ko kai ba na ɗagawa. Mota ta cika, direba ya tayar, nawa ya ƙare.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamadar Nijar, arewa da garin Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, mutanen da muke cin kasuwar Mai'aduwa tare, bakinmu ɗaya. Na yi jimami kamar kowa, amma ban ga inda abin ya haɗu da littafina ba. Ko a 2017 da CNN ta nuno ana gwanjon samari a Libiya kan dala 400, cewa na yi wannan ai sha'anin masu son tsallakawa Turai ne.

Wata Hajiya ce ta koya mini karatun, kuma ban gane shi ba sai da ta wuce. Ta zo da hantsi, atamfa mai tsada, lalle ja a hannu, 'yan mata huɗu a bayanta. Na ce da ta farko, "'Yata, ya sunanki?" Kafin yarinyar ta buɗe baki Hajiya ta faɗa. Ta biyu ma haka.

"Malam, rubuta kawai mu tafi. 'Ya'yan ƙanwata ne, biki za mu Damagaram."

Biki, amma ba mai ko ƙullin kaya. Lambar waya ɗaya aka ba ni ta mutum biyar. Na ga duk wannan da idona, na rubuta, na karɓi kuɗi. Bayan kamar wata biyar wani dattijo ya zo yana bin tasha-tasha da hoton 'yarsa. An ce masa aikin gida za a sama mata a Saudiyya, har an ba shi wani abu na kafin alƙalami, daga nan shiru. Na buɗe littafi na nuna masa sunan da rubutun hannuna. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, ɗana." Har yau godiyar nan tana yi mini nauyi.

Daga baya aka kira mu 'yan tasha wani taron wayar da kai. A nan na ji cewa tun 2003 Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da safarar mutane, aka sake ƙarfafa dokarta a 2015. Abin da ya fi zauna mini shi ne maganar yarda. Mu a tasha hujjarmu kullum ita ce, ai da ƙafarta ta zo, ba wanda ya ɗaure ta. Ashe yardar da aka samu da yaudara ba yarda ba ce, ta ƙaramin yaro kuwa ba a ma lissafa ta. Bayin da, mari ake sa musu a ƙafa, sai a 1936 doka ta ƙarasa soke bauta a Arewa. Na yanzu da bashi ake ɗaure su. An biya miki fasfo, an biya mota, an ciyar da ke a Agadas, to sai kin biya. Fasfon yana hannun wani, bashin kuma kullum ƙaruwa yake. Ga kunya: ta yaya za ta koma ƙauye hannu rabbana bayan iyaye sun riga sun ci kuɗin?

Yanzu ba na tambayar mai jagora. Yarinyar nake tambaya, in jira ta amsa da bakinta: ina za ki, wa za ki tarar, wa ke riƙe da wayarki. In na ga an rikice sai in ja lodin, in sanar da shugabanninmu su kira jami'ai. An zage ni, wani direba ya yi wata guda ba ya gaishe ni don na sa ya rasa kujera biyar. Wasu lokutan kuma na zargi mutanen kirki, na ba su haƙuri.

Wurin da abin ya fi yi mini wuya ba tasha ba ne. Dokar 2015 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. A gidan yayana akwai 'yar aiki da ba ta wuce tara ba, ita ke wanke-wanke lokacin da 'ya'yan gidan ke shirin makaranta. Shekara guda ina shiga ina fita ban ga komai ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tambayi matar gidan wa ake ba kuɗin aikinta. Ta ce dillaliya ke zuwa karɓa duk ƙarshen wata. Na ce iyayenta fa, yana isa gare su?

"Wallahi, Baban Ummi, ban taɓa tambaya ba."

Ta ba ni sunan ƙauyen. Yana kan hanyar Zango, ranar hutuna zan hau babur in je.